Jan Man da Babu a Garinmu

Wata Laraba, ranar kasuwar Konni, a daminar shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, motar Baba ta tsaya cak a hanyar Tsarnawa, cike da fasinja. Inji na ta ruri, mota ta ƙi gaba. Ina zaune a baya bisa buhun wake, ina kallon zufa na gangara a ƙeyarsa.

Tsohuwar mota ce mai canza giya da kanta, ba ta da kuloci. Baba ya sayar da shanun nomanmu ya saye ta, don ya riƙa jigila tsakanin Konni da Illela. Daga ranar, tuwon gidanmu ya koma kanta. Da safe lafiya lau take tashi. Sai rana ta yi zafi ta fara jinkiri kafin ta shiga giya ta biyu, sannan ta fizga har goshin mutum ya bugi kujera. Kullum in Inna ta zo shara, takan tarar da ɗigon wani jan mai a ƙasan inda motar ta kwana.

Baba ya kai ta garejin Sallau, makaniken unguwarmu, wanda duk rayuwarsa motoci masu giyar hannu ya sani. Jan man nan, wanda shi ne man giyar irin wannan mota, sai Sakkwato ake samunsa. Sallau ya duba ya ce, "Haba Malam Garba, mai ai mai ne!" Ya ɗura mata baƙin man inji a akwatin giyar.

Bayan 'yan kwanaki ne ta tsaya a hanyar. Fasinjoji suka sauka suka yi abin da kowa ya saba yi wa mota. "Ku tura, samari, ko ba ku sha fura ba?" in ji wata tsohuwa mai tallan albasa. Aka tura har aka gaji. Wani direban babbar mota ya tausaya mana, ya ɗaura mata igiya ya ja ta har Konni, ya ƙi karɓar ko goro.

Da aka kawo wani makanike daga Sakkwato, ya buɗe akwatin giyar, ƙauri ya cika gidan. Ya ce baƙin mai ne ya raunata ta, jan da aka yi mata da igiya ya ƙarasa ta. Wa Baba zai kama? Duk wanda ya sa hannu, don Allah ya sa.

Damina ta gaba da hauya muka yi noma. Baba ya zama ɗan kamasho a tasha, yana kiran fasinja wa motocin waɗanda dā suke bin bayansa a layi.

Yau a Konni jan man nan a bakin titi ake jera shi, kowane gareji ya san aikinsa. Ina wucewa ta gabansa ba na juyawa. Ya iso garinmu, amma Baba bai sake riƙe sitiyari ba.