Gyaɗar Iri da Zuciyar Kakana

Yau inji ke ɓare gyaɗa, buhu guda kafin a sha shayi. A Madarunfa ta ƙuruciyata, gyaɗar iri da hannu ake ɓare ta, ɗaya bayan ɗaya, domin ƙwayar da fatarta ta salɓe ba ta tsira. Har yanzu in na ji ƙarar ɓawon gyaɗa, zauren kakata nake gani.

Ban tarar da kakana ba, amma sunansa aka sa mini, kowa kuma ya ce zuciyarsa na ɗauko. Shi ya taɓa fasa kan wani a kan iyakar gona, ya gudu Katsina, can ya rasu. Ina da shekara tara na jefi ɗan maƙwabcinmu da ƙotar hauya, ya yi jini. Babana ya ce gado ne, ba a gyara shi. Zai kai ni wurin wani makiyayi bayan garin Gabi, nesa da mutane, kafin in jawo wa gidan abin da ubansa ya jawo.

Kakata ta ce a bar mata ni zuwa saukar damina.

Ta ajiye mini kwandon iri. Rana ta fari na murƙushe rabi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Maigida, da wannan hannun za ka ciyar da ni? Ashe zawarci bai ƙare mini ba."

Kullum bayan azahar sai in zauna. Yara na wucewa zuwa tabki suna kirana da sunan tsokana, wuyana ya yi zafi, ƙwaya ta fashe a yatsuna. Takan ware waɗanda na ɓata a wata ƴar ƙwarya. Da ruwa ya sauka ta sa na shuka su a kunya guda, masu kyau a ta kusa. Bayan kwana goma kunyar farko ƙasa ce zalla, ta biyu kuwa duk ta tsira.

Ta ce, "Iri ɗaya ne, daga kwando ɗaya. Kakanka ba wanda ya taɓa zaunar da shi. Kai na zaunar da kai."

Babana ya zo ya duba kunyoyin, bai sake maganar Gabi ba.

Na zauna Abijan da Kumasi da Agadas, ko'ina na ji ana cewa yaro ya ɗauko halin wane, cikin harshe huɗu na ji shi. Da gaskiyarsu. An zage ni a duwan, wurin ƴan kwastan, an cuce ni a tasha, wuyana na zafi kamar ina shekara tara. Wannan ban rabu da shi ba, na ma gan shi a wurin jikana, shi ya sa na sayo masa kwandon iri.

Zuciyar ta kakana ce. Amma tun waccan daminar hannuna bai sake tashi a kan mutum ba.