Huda Uku a Filtar Gas

Har yau idan na ji wani ya ce "ai ba komai, zai yi," sai raina ya ɓaci. Da wannan maganar muka kashe injin ban ruwan Baba, ni da yayana, a shekarar farko bayan rasuwarsa.

Gonarmu ta noman rani tana bayan Danja, a kan tudu, nesa da bakin rafi. Maƙwabtanmu na ƙasa ƙananan injinan fetur suke amfani da su, waɗanda mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa. Mu kuwa ruwa ba ya hawowa wurinmu sai da ƙarfi, shi ya sa Baba ya sayi babban inji mai shan gas, ya kafa shi a kan katako ya yi masa rumfa. Idan injin nan ya tsaya, tumatirinmu ya tsaya. Kowa a gidanmu ya san haka, har Inna da ba ta taɓa taka gonar ba.

Ni Baba ya koya wa hidimarsa, don Yaya ba shi da haƙurin tsugunno. Juyen baƙin mai sai inji yana da ɗumi, a kwance noti a tara tsohon kwano, a jira har ɗigon ƙarshe. Baba kan murza man tsakanin yatsu biyu, ya duba ko akwai garin ƙarfe. Tsohon man ba a zubarwa, gida ake kai shi a shafe ƙafafun rumbu saboda gara. Gas kuwa, tunda a jarka muke saye a bakin titi, sai ya kwana biyu a ajiye ruwa da laka sun kwanta, sannan a tace shi da wani farin ƙyalle da Inna ta yanka masa daga tsohon mayafinta. Filtar gas ba ya wanke ta, ba ya lallaɓa ta. In ta toshe sai sabuwa.

Da Baba ya rasu, gona ta koma hannun Yaya. Ni ina koyarwa a wata firamare a Funtua, sai Asabar nake zuwa. Wata Asabar na tarar inji yana tari, ya ja ya saki, ruwa yana fita daga tiyo kamar ana tsiyaya shi daga buta. Tumatir kuma ya fara fure. Na yi juyen mai yadda aka saba, sannan na kwance filta. Ta yi baƙi ƙirin, laka ta cika ta. Na duba ƙusar rumfa inda ƙyallen tacewa yake rataye, babu shi. Ashe tun rasuwar Baba daga jarka ake kwarara gas kai tsaye.

Na ce, "Yaya, filta ta mutu. Bari in hau mashin in nemo sabuwa, in babu a Danja in wuce Funtua."

Ya dubi rana. "Ka je ka dawo yaushe? Fangalin tumatir nawa ke jiran ruwa?"

Akwai mutum huɗu a rumfar, maƙwabtan gona da suka zo shan inuwa. Babbansu wani Alhaji ne, sa'an Baba, wanda bai taɓa mallakar injin gas ba amma yana da fatawa a kan kowane ƙarfe. Ya karɓi filtar ya jujjuya.

"Wannan ai toshewa ce kawai. Ku huda ta mai ya samu hanya. Namu ma cire ragar muke yi gaba ɗaya, ga su nan suna aiki."

Na ce a hankali, "Alhaji, na gas ba kamar na fetur ba ne. In laka ta wuce nan, famfon mai za ta ci, da nozul mai fesa man."

Yaya ya yi dariya. "Malam ya fara darasi. A wane aji ake koyar da wannan?"

Duk suka yi dariya. Ni ma, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, na yi murmushi. An tashe mu a kan ƙane ba ya musu da wa a gaban mutane, balle ya ƙaryata sa'an ubansa. Na faɗa sau ɗaya, na ga kamar na sauke nauyi. Yaya ya zaro ƙusa daga jikin rumfar, ita ce ma wadda ƙyallen yake rataye a kai da, ya ce in riƙe masa. Na riƙe. Da hannuna na danne filtar a kan katako ya buga da dutse sau uku.

Na mayar da ita, na fitar da iska, muka juya hannun tayarwa. Inji ya kama da ƙarfi, ruwa ya yi tsalle daga tiyo. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Ka gani? Ba komai, zai yi." Na ce a raina Asabar mai zuwa zan zo da sabuwa. Na kuwa saya tun ranar Litinin, na ajiye ta a aljihun jakata tare da alli.

Ranar Alhamis ina cikin aji Yaya ya kira. Inji ya yi baƙin hayaƙi ya mutu, sun juya har hannu ya kumbura bai tashi ba.

Bakaniken da na ɗauko daga Funtua bai yi minti goma ba ya kwance famfon mai ya nuna mani. Laka ta goge cikinsa. Ya ɗaga filtar ya leƙa ta hudar, ya dube ni.

"Wane mai hankalin ne ya yi wannan?"

Yaya ya tafi duba fangali. Ni na tsaya na sha kallon.

Famfon sai da aka kai shi Zariya, ya yi sati biyu. Maƙwabta sun yi kirki, sun ba mu aron injinansu, amma ruwan iyakarsa rabin tudu. Duk ranar da ba ni da aji muka koma jarka da bokiti, mu biyu, kamar masu shayar da gonar da cokali. Furen ya bushe ya zube. Na riƙa bi ina ganinsa a ƙasa, rawaya, a gindin kowane tumatir. Alhaji ya hawo ya yi mana jaje, ya ce injinan gas dama ba su da amana. Na ɗauki bokitina na wuce.

Ran nan da yamma a tsakar gida Yaya ya shaida wa Inna. Ya ce Allah bai yi za mu ci tumatir bana ba. A nan na fashe. Na ce kada ya ɗora wa ƙaddara abin da ƙusa ta yi. Na faɗi maganar ƙyalle, na faɗi ta jarka, na faɗi ta Alhaji da dariyarsu. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma na ji daɗin ɗagawar. Yaya ya miƙe. Ya sa takalmi ya fita.

Inna tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba sai da na gama huci. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙyallen nan a ninke. Ta ce Yaya ne ya kawo mata tun kwanan arba'in, ya ce a ajiye cikin kayan Baba, ya ɗauka tsumman goge hannu ne. Ta wanke shi, amma warin gas bai fita ba.

"Lokacin da aka huda abin, kana ina?"

"Ina wurin, Inna."

"Kana kallo?"

"Ni na riƙe masa."

Ta ɗora mani ƙyallen a gwiwa, ta koma ta ɗauki farantinta.

"To shi bai sani ba," ta ce. "Kai Babanku ya zaunar ya koya wa."

Sabuwar filtar tana cikin jakata a lokacin, ko ledarta ban cire ba.