Kawu Bitrus da Addu'ar Taya Huɗu

Ku da kuka taɓa shiga tasin Kawu Bitrus daga Gwagwalada zuwa cikin gari, kun san ba ya murɗa makulli sai ya yi addu'a. Addu'ar ba laifi, amma tsawonta, wayyo! Mota ta cika, fasinja na ta zufa, shi kuwa ya rufe ido yana gode wa Ubangiji saboda tayoyinsa huɗu, kowace da tata godiyar.

Yayan mahaifiyata ne, don haka kujerar gaba tawa ce. Ran nan wani Alhaji a baya ya gaji, ya ɗaga murya ya ce, "Amin, direba! Amin!"

Kawu ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Haƙuri, Alhaji. Gaisuwa muka gama, yanzu za mu shiga roƙo."

Sai ranar da motar ta mace mana a hanya. Hayaƙi na tashi, Kawu ya fito ya ɗaga hannu sama: "Ɗaukaka gare ka, Yesu!"

Wata mata mai saurin zuwa ofis ta ce, "Oga, me kake gode wa a nan?"

"Madam, dubi inda ta tsaya. Ga inuwar mangwaro, ga mai rake. Da a tsakiyar gada ce fa?"

Haka ya sa mu turi, yana ciki riƙe da sitiyari yana ba da waƙa, yana leƙowa: "Ladi, ban ji amshinki ba!"

Maganar waƙa kuwa, 'yan kwaya, mawaƙan cocinmu, kuna nan, ba ƙarya zan yi ba. Muryar Kawu kamar ana jan tebur a siminti. Shugaban kwaya ya ja shi gefe cikin ladabi ya ce, "Baba, ko za ka riƙa rage murya kaɗan?"

"Ɗana, wa ya ba ni ita?"

"Ubangiji, Baba."

"To shi nake mayar wa. In ba ta yi masa ba, ya san inda zai gyara."

Lahadin da ta biyo baya, sai ma ya matso bencin gaba!

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, gadon kusa da shi wani mai shayi ne, Malam Sani, ya karye a ƙafa, danginsa duk suna Katsina. Duk abincin da na kai, Kawu sai ya raba biyu. Na ce, "Kawu, likita ya ce ka ci sosai."

"Na ci. Rabin a cikina, rabin a nasa."

In an kira salla kuma ya miƙa sanda ya zungure shi: "Malam, lokaci ya yi. Ni na gaida Mahaliccina tun ɗazu, kai ake jira."

Ciwon nan shi ne ajalin Kawu. Ranar jana'izarsa na hango Malam Sani a bakin coci, ya dogara sanduna biyu, ya ƙi zama. Ya ce min, "Ƙanwata, sati uku ban makara salla ba saboda bawan Allahn nan." Sai kuka ya ci ƙarfinsa, ni ma na kasa daurewa.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Bitrus, ka ba shi hutu a wurinka. Mu da ya bari, ka ta'azantar da mu, ka koya mana yi maka godiya da zuciya ɗaya. A cikin sunan Yesu, amin.