Dutsen da ke Tsoron Tsamiya

A danginmu, duk wanda ya taɓa buɗa baki a Buji ya san kunun tsamiyar Inna Gaji. Ba ta yi boko ba, allonta ma bai yi nisa ba. Abin da ta iya a duniya shi ne ciyar da mutane. Tun tana amarya a gidan Malam Jaji take durƙusawa gaban dutsen niƙan da uwarta ta ba ta, wani baƙin dutse mai kwarmi a tsakiya, ta niƙa gero da citta da kanumfari, har gwiwoyinta suka yi kanta. A saninta, dutse ba ya tsoron komai. A zuba masa ruwa, a dake shi, a bar shi a rana, gobe yana nan.

Da Malam Jaji ya rasu, damina kuma ta kayar da ɗakinta, ɗanta na fari Izzuddeen, ma'aikacin gwamnati a Dutse, ya zo ya kwashe ta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, Baban Umaima take ce masa. Ta ce in ba da dutsenta ba, ba inda za ta. Aka yi dariya, aka ɗora shi a mota, aka ajiye shi a bayan gida kusa da tankin ruwa.

Ranar da ta iso, matarsa Zulaihatu ta kai ta kicin. Ba murhu, ba kujerar tsuguno. Sai wani farin dutse a shimfiɗe jikin bango, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai.

"Inna, wannan ita ce kanta. Mabul ake ce wa dutsen. Mai sayarwa ya so mu ɗauki baƙi, wai ya fi jure wahala, ɗanki ya ce shi fari yake so."

"Kanta? Ni kantar da na sani ga ta nan a gwiwata."

Zulaihatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Inna Gaji ta shafa dutsen da tafin hannu, ta ji sanyinsa, a ranta ta ce ashe dai za ta iya zaman birni. Inda dutse yake, ai tana da aiki.

Azumi ya kama. Ta ce ba wanda zai dama kunu a gidan nan tana raye. Gwiwa ta daina yarda da durƙuso, don haka a inji aka markaɗo geron, amma sauran aikin nata ne. Ta jiƙa tsamiya, ta tsaya a gaban kantar tana matsewa a kai, ruwan yana gangarowa ta gefen kwano. Ba ta goge ba. Me za a goge wa dutse? Da aka sha ruwa Izzuddeen ya shanye kofinsa, ya miƙo a ƙara, ya ce rabonsa da wannan ɗanɗano tun Baba yana da rai. Wannan magana ta kwana da ita a rai.

Da safe ta tarar da zanen gindin kwanon a jikin dutsen, da wani dogon tabo inda ruwan ya bi. Ƙyallin ya mutu a wurin. Ta sa ruwa, bai fita ba. Masu gidan sun tafi aiki, sai ta yi abin da ta saba yi wa tukunyar da ta yi tsatsa: ta yanka lemun tsami ta goga, ta nemo toka wajen mai ƙosan bakin layi, ta bi da soson ƙarfe. Ta dirza da duk ƙarfin da ya rage mata. Da wurin ya bushe, tabon da bai fi tafin hannu ba ya zama faɗin faifai.

Zulaihatu ta dawo, ta tsaya a kai, jakarta ma ba ta ajiye ba.

"Inna, lemun tsami kika sa?"

"Na sa, Zulai. Ƙin fita ya yi."

"Ai tsami ne ke cinye shi. Ko tumatir ba a bari ya kwana a kansa. Laifina ne da ban gaya miki ba."

"Dutsen ne ke tsoron tsamiya?"

"Shi fa, Inna."

Da a ce faɗa aka yi mata, da ta san yadda za ta yi. Ba wanda ya ɗaga murya. Aka kira wanda ya girka kantar, ya zo da injinsa ya goge, ya ce iyakar abin da zai yiwu ke nan, kuma a riƙa sa faranti a ƙarƙashin duk wani abu mai tsami. Ƙyallin ya dawo, amma in hasken taga ya faɗo, inuwar faifan nan tana bayyana.

Bayan la'asar Izzuddeen ya shigo ɗakinta, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba.

"Inna, kin yi mana wahala ta isa. Yanzu lokacin hutunki ne. Ki bar wa Zulaihatu girkin."

"Baban Umaima, zan riƙa sa farantin."

"Ba don dutse ba ne, wallahi. Tsayuwar ce ba na so ki riƙa yi."

Ta dubi fuskarsa. Ya gaskata abin da yake faɗa, shi ya sa ba ta sami inda za ta kama ba.

Washegari ta lallaɓa bayan gida. Dutsenta yana nan, ruwan tanki ya taru a kwarminsa, tattabarun maƙwabta suna sha. Ta dafa bango za ta durƙusa, gwiwa ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta ƙi. Ta jima a tsaye tana kallonsa, sannan ta koma ciki.

Yanzu garin kunu na leda ake sayowa a shago, ba jiƙo, ba tata. Da yamma Inna Gaji takan zo ƙofar kicin ta tsaya, hannuwanta a goye a baya, kada su taɓa wani abu. Zulaihatu takan zuba mata a kofi ta miƙo da hannu biyu.

"Inna, ɗanɗana ki ji, ya yi?"

Sai ta kurɓa, ta haɗiye.

"Ya yi, Zulai. Allah ya yi albarka."

A azumin da ya biyo baya Izzuddeen bai ambaci kunun zamanin Baba ba ko sau ɗaya. Da alama bakinsa ya saba.