Ramar da na kulle a ɗaki

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da surukina ya tsaya a ƙofar gidana da mutum kusan goma a bayansa, ya ce in buɗe masa ɗaki. An fi shekara ashirin yanzu, amma in abin ya faɗo mini sai in kama dariya ni kaɗai, har yara su tambaye ni ko lafiya.

A lokacin ina koyarwa a firamaren wani ƙauye kusa da Babban Mutum, ban cika shekara da aure ba. Matata 'yar garin ce, mahaifinta kuma shi ne mai unguwarmu, dattijo mai kwarjini wanda ko gaisuwa na je ba na iya ɗaga kai a gabansa. Shekarun nan ne da aka fara aiki da Shari'a a jiharmu. Kowa ya shiga taitayinsa, matasa kuma sun sa ido sosai a kan masu harkar kayan maye. Duk wanda aka ce an ga wiwi a wurinsa, sunansa ya gama ɓaci, balle malamin makaranta, baƙo a gari, wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane.

Sai Allah ya ba matata ciki, ya zo mata da laulayi mai tsanani. Tuwo, shinkafa, koko, duk abin da ta sa a baki sai ya dawo. Abu ɗaya ne ke zama mata a ciki, kwaɗon rama, ita ma ɗanya, ba busasshiya ba. Ga shi ana tsakiyar rani. Sau biyu na samo mata a kasuwar Daura, na uku na dawo hannu rabbana. Na dube ta duk ta rame, na ce a raina, ai ni ma ɗan manomi ne.

A gidan da muke zaune akwai wani ɗakin ƙasa da rufinsa ya rufta tun daminar bara, sai bango huɗu da ƙofa. Awakin maƙwabta ba sa barin ko tsinke kore a tsakar gida, don haka na kwashe ɓaraguzan, na zuba taki, na shuka rama a ciki, na garƙame ƙofar. Ta fito kuwa, sai dai rana ba ta shiga ɗakin sai ta sama. Na tsakiya suka yi ta miƙewa suna tsere, suka rufe na gefen bango, ga kara ba ganyen kirki. Ni kuwa ganye nake nema.

Dabara ta zo mini. Na sayo ragar waya irin ta kejin kaji, na kafa sanduna huɗu, na shimfiɗa ta a kan shukar, na ɗaure tamau. Kullum da safe kafin in tafi makaranta, duk kan da ya leƙo saman raga sai in lanƙwasa shi a hankali, in tura shi ƙarƙashi ya bi gefe. Da kan ya kwanta sai rassa su ɓarke ta ko'ina, kowane ya samu nasa rabon na rana. Kafin sati uku ɗakin ya zama shimfiɗa guda, kore shar, ba dogo ba gajere, kamar an baje sabuwar tabarma. Wallahi ban taɓa jin daɗin aikin hannuna kamar wannan ba. Ina tsinko wa matata, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji, ta cinye tas. Fuskarta ta fara dawowa.

Inda na yi wauta shi ne ɓoyo. Duk wanda ya tambaye ni me nake kai wa ruwa a kangon ɗaki, sai in ce, "Wani ɗan aiki ne." To me zan ce? Cikin fari ba abin da ake faɗa ba ne, musamman a garin surukai.

Rannan zabuwar wani maƙwabcina ɗan acaɓa ta tashi ta sauka a kan bangon ɗakin, ya hau kamo ta, ya leƙa. Mutumin nan ya taɓa zama a Kudu, ya ce ya san gonar wiwi da idonsa. Ya ga ganye mai yatsu, ya ga raga, ya ga ƙofa a kulle. Har yau ban ga laifinsa ba.

Washegari da hantsi sai ga sallama, surukina ne da jama'a a bayansa, har da ɗan acaɓan. Surukina ya ce, "Malam, an kawo mini magana a kanka. Ban gaskata ba, ban kuma ƙaryata ba. Buɗe ɗakin nan."

Na buɗe. Ya shiga, ya duƙa, ya tsinki ganye ya tauna. Tsami ya sa ya runtse ido. Ya ce, "Wannan ai rama ce." Har na fara sauke numfashi, sai ɗan acaɓa ya ce, "Ranka ya daɗe, in rama ce, wa ya taɓa yi wa rama raga? Wa ya taɓa kulle ta? A dai duba ƙarƙashi." Aka duba, ba komai sai kararen rama a kwance. Amma tambayar ta zauna wa mutane.

Surukina ya juyo ya ce, "Yana da gaskiya. Rama a rani, a ɗaki, da makulli. Ta mece ce, Malam?"

Amsar tana bakina, amma in dubi mahaifin yarinya a gaban jama'a in faɗa masa? Na ce, "Baba, sha'awa ce kawai." Gara ma da na yi shiru, don nan take na ga ana kallon juna.

Sai muka ji ƙarar sanda daga cikin gida. Kakar matata ce, mahaifiyar mai unguwa, wadda ta zo duba jikarta tun da sassafe. Ta ce, "Ku ba ni hanya." Ta tsaya a gaban ɗanta, ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka gane magana sai an fasa maka ita. Yarinya da sabon aure, miji yana noman tsami a rani, sai an buga maka ganga? Da nake ɗauke da kai, tsamiya ubanka ya yi ta hawa har ya faɗo, ba wanda ya tara masa jama'a."

Sai wani ya kasa riƙewa, dariya ta ɓarke. Ni na rasa inda zan sa kaina. Surukina ya gyara hula, ya dubi sama kamar mai neman hadari, ya ce, "Na ce rama ce. Kowa ya kama gabansa." Ban taɓa ganin ya yi sauri kamar ranar ba. Ɗan acaɓa ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri, kafin ya tafi kuma sai da ya roƙi ganye ya kai wa tasa matar.

Da gari ya waye na buɗe ƙofa, sai ga jaki da mangala cike da taki. Mai jakin ya ce, "Mai unguwa ya ce in faɗa maka, na gefen bangon gabas ganyensu ya fara zama ruwan ɗorawa, a ƙara musu taki." Ashe duk cikin rikicin nan ya lura. Har ya koma ga Allah bai taɓa ta da maganar ba, ni ma haka.

A ƙarshen damina aka haifa mana 'ya mace. Yanzu tana ɗakin mijinta, kuma abin haushi, ko warin rama ba ta so.

Kunya ado ce, ban musa ba, amma ranar na gane cewa in ka kulle ƙofa ka yi shiru, mutane za su cika maka ɗakin da abin da suke zato. Tun daga lokacin, duk abin da zan shuka, awaki kaɗai nake kulle wa ƙofa, maƙwabci kuwa ni nake kiransa ya zo ya gani.