Maficin Inna a Ƙarƙashin Maus

Ina ta jan maus a kan tebur, kibiyar kwamfuta kuwa sai rawa take yi, ta ƙi zuwa inda na nufa. Ga manoman fadama cike da shagona a nan Haɗeja, kowa na jiran in cika masa fom ɗin irin shinkafa kafin a rufe rajista.

Ni na jawo wa kaina. Jiya na sayo teburin gilashi don burga.

Inna, mahaifiyata, ta zo daga Kaugama, tana gefe tana fifita.

Ta ce, "Sale, me ya sami abin naka?"

Na ce, "Inna, maus irin na da, ƙwallo ne a cikinsa, yana birgima. Wannan kuwa ido gare shi mai jan haske, saman tebur yake kallo ya gane inda aka ja shi. To, a kan gilashi ba ya ganin komai."

Ta ce, "Au, sawu yake bi? Ai ko maharbi ba ya bin sawu a kan ruwa. Ɗaga shi."

Sai ta shimfiɗa maficinta na kaba, wanda ta saƙa da hannunta. Wallahi nan take kibiya ta nutsu, na sallami kowa kafin La'asar.

Da za ta koma na miƙa mata maficinta, ta ce in bar wa mai ido kayansa.

Yanzu har maus marar waya na saya, amma a kan maficin nan yake kiwo. Ku fa, wace dabarar tsohuwa ce ta taɓa fitar da ku kunya?