Ƙuri'ar da ta sa ni cikin rumbu

Shekarun baya da nisa, kafin Nasara su tattara su tafi, ina saurayi a Gaya ta bakin kogi, wadda ke hannun Faransa, daga ni sai mahaifiyata a gida. Babana ya rasu. Wana kuwa ƙuri'ar soja ta faɗa kansa, aka tafi da shi yaƙin Faransa a wata ƙasa, ko labarinsa ba mu ƙara ji ba.

Bayan kaka sai ga wani Bature daga jami'a, tare da ɗalibinsa baƙar fata mai jin Hausa. Aka tara masu gida a ƙofar mai unguwa, aka zuba 'yan takardu a ƙwarya, a sa hannu a ciro, a kira suna. Haka aka yi ranar da aka ɗauki wana. Ba wanda ya yi mana bayani. Can sai na ji an kira gidanmu, aka ce gobe da hantsi suna tafe.

Na iso gida na gaya wa mahaifiyata. Na ce zan haye kogi in shiga Dahome.

Mahaifiyata ta ce, "Gardi, dogaran Nasara, suna bakin ruwa, kafin ka taka jirgi sun kama ka. Sun ɗauke mini ɗaya, ba za su ƙara ba. Rumbu za ka shiga."

Da safe na hau na dira kan damman gero, ta mayar da murfi. Wanda bai san ƙaiƙayin gero cikin zufa ba, Allah kada ya nuna masa. Ƙato da ni, ina susa ina karanta duk addu'ar da na iya.

Sai na ji sallama. Tun ba a tambaye ta ba, mahaifiyata ta ce na tafi Kamba wajen kawuna.

Ɗalibin ya ce, "Allah ya maido shi lafiya. Inna, rumbunku muka zo gani."

"Ba kome ciki sai ɓeraye."

"Ko ɓerayen ne, Inna, sai mun duba."

Ina jin suna zagaya rumbun da igiya suna awo. Aka jingina tsani, murfi ya ɗaga, muka yi ido huɗu da Bature. Ni na yi atishawa, shi ya kusa faɗowa.

Na fito fari fat da ƙura, na miƙa hannuwa a ɗaure ni. Mahaifiyata ta riƙe ƙafar ɗalibin tana roƙo. Sai a lokacin ya gane abin da muka zata, dariyar da ya fara ta tsaya masa. Ya durƙusa gabanta ya ce aikinsu ƙididdiga ne, suna son sanin ko hatsin bana zai kai mutane damina. Ba za su iya leƙa kowane rumbu ba, shi ya sa suke zaɓen kaɗan. Ƙuri'ar kuma don kada mai unguwa ya riƙa kai su gidajen masu hali kaɗai.

Ta ce, "To, shi fa?"

"Ba ruwanmu da shi, Inna. Naki ne."

Ta zauna a ƙasa tana kuka. Ban taɓa jin sauƙi a raina irin na ranar ba.

Yanzu jikata ƙididdiga take karanta a jami'a. Ta ce zaɓen ƙuri'a shi ne adalcin aikin, na kuma yarda. Abin da na roƙe ta kawai, in ta shiga gari da aikinta, ta fara zama da mutane ta gaya musu abin da ta zo nema, don ba ta san abin da aka taɓa ɗauka a gidan ba.

A ranar, kafin su tafi, ɗalibin ya yi mana alkawarin tambayo labarin wana a ofishin kumandan, Baturen mulki, kuma ya cika. Kafin shuka ya aiko cewa wana yana raye.